Rabin Wasiƙar da Ba a Cika Karantawa ba: Iyali da Aiki a Majami'un Lafiya

Cikin wuraren da aka fi karantawa daga Littafi Mai Tsarki ranar ɗaurin aure a majami'un Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, akwai sura ta 5 ta wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Afisawa da sura ta 3 ta wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa. Abin da suka ƙunsa, tare da ayoyin da ke biye da su, ba shi da wuyar riƙewa. An nemi mace da bin miji, an nemi miji da ƙauna da barin ƙuntatawa. An nemi 'ya'ya da biyayya, an ja kunnen uba kada ya matsa musu har su karaya. An nemi bawa da aiki tsakani da Allah, an nemi ubangidansa da adalci. Mutum shida aka yi wa magana, bibbiyu bibbiyu, kuma ba a aza wa na ƙasa kaya ba sai da aka aza wa na sama nasa. Amma tsaya a ƙofar majami'a bayan an tashi ka tambayi mutane abin da suka ji: biyayyar mace, ladabin ɗa, ƙwazon ma'aikaci. Sauran ukun sukan kwana a cikin littafi. A ganina kuwa, nauyin koyarwar a cikin waɗannan ukun yake.

Mai karatu na yau zai yi mamakin yadda aka gwama zancen aure da zancen aiki a numfashi guda. Dalili shi ne, a daular Rum ta ƙarni na farko gida shi ne ma'aikata. Kolosi ƙaramin gari ne a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, an san shi da ulu da rini. A irin wannan gari masaƙa da gona da shago duk na maigida ne, matarsa da 'ya'yansa da bayinsa su ne ma'aikatan. Kasa gida uku ma ba Bulus ya fara ba. Fiye da shekara 350 kafin shi, masanin Girka Aristotal ya yi wannan rabo, miji da mata, uba da ɗa, ubangida da bawa, hankalinsa kuma yana kan yadda maigida zai mulki kowanne. Dokar Rum ta ba uba iko a kan ɗansa ko da ɗan ya yi furfura, bawa kuwa dukiya ne. Saboda haka cewa mace ta bi miji ba labari ba ne ga mutumin Kolosi, ya gaji ji. Abin da zai sa ya ɗaga kai shi ne a yi wa mace da bawa magana kai tsaye a cikin taro, a matsayin masu hankalin kansu, sannan a juya ga maigida a gabansu a tuna masa shi ma akwai wanda zai tambaye shi.

Ƙasar Lafiya ba ta yi nisa da wannan tsari ba. Barebari ne suka kafa garin ƙarƙashin Muhammadu Dunama fiye da shekara 200 da suka wuce, ya zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka yanke Nasarawa daga Filato. Sakatariya da jami'ar tarayya da ta zo a 2011 sun tara masu albashi, amma fita kaɗan ta hanyar Makurɗi zuwa Agyaragu, ko ta hanyar Shandam zuwa Assakio, ko ka nufi Doma, za ka tarar abin da ke riƙe da jama'a yana nan: doya, riɗi, agushi, rogo, shinkafa. Gidan manomin doya kuwa, Eggon ne ko Alago ko Tibi ko Migili ko Gwandara, har yau ma'aikata ne. Maigida da samari su tada kunya, mata su yi cirar ciyawa da dakon amfani, in aiki ya fi ƙarfin gida a kira gayya ko a ɗauki 'yan ƙwadago. Wanda ke raba aiki da asuba shi ne ke riƙe kuɗin doya ranar kasuwa. A irin wannan gida, wa ke bin wa, da wa ya yi gumi wa ya ci riba, duk tambaya ɗaya ce.

Koyarwar ta iso ne ta hannun 'yan mishan na SUM, waɗanda Karl Kumm ya jagoranci tawagarsu ta farko zuwa Wase a 1904. Reshensu na Afirka ta Kudu ne ya yi aiki a duwatsun Mada da kewaye, daga nan aka sami ekklesiyar ERCC, mai lissafin farkonta daga 1916, mai hedkwata a Alushi kusa da Akwanga. Katolika sun sami dayosis na Lafiya a Disamba 2000, Bishof Matthew Audu ne na farko, David Ajang ya gaje shi a 2021. Ga Angilikan, ga ECWA, ga Baptis, ga majami'un Fentikos da ba su ƙirguwa. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da ita ake wa'azi da waƙa a ƙauyuka masu yawa, domin Eggon da Alago da Tibi ba su jin harshen juna.

Karo na farko tsakanin wannan koyarwa da gidan manomi a kan yawan mata aka yi shi. A taron bishof-bishof na Angilikan a Lambeth ta Ingila a 1888 an yanke cewa ba za a yi wa mai mace fiye da ɗaya baftisma ba, kuma galibin 'yan mishan, har waɗanda ba Angilikan ba, wannan turba suka bi. A takarda hukunci ne mai sauƙi. A gona kuwa mata da 'ya'ya su ne hannuwan gandu, wanda aka ce ya sallami biyu cikin uku an ce masa ne ya rage nomansa. Nasa ma da sauƙi. Ita wadda aka sallama fa? Ta koma gidan uban da wataƙila sai ya mayar da dukiyar aure, 'ya'yanta kuma suna gidan da ta baro. Dokar da aka kafa don mutunta mace, mace ta fara ci. Sai bayan shekara 100 cif, a taron Lambeth na 1988, aka yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma da matansa, muddin ba zai ƙara wata ba, kuma ba za a tilasta masa korar kowa ba. Yau mace ɗaya ce ƙa'ida a dukkan manyan ekklesiyoyi, matsin ta wata ƙofa yake shigowa: shekara biyar ba haihuwa, ko 'ya'ya mata kaɗai, sai dangin miji su fara zuwa gaisuwa da magana a baki. Wanda ya bi tasu ya ƙaro mace akan sa shi a horo, a hana shi jibin Ubangiji.

A Afisawa ayoyi uku aka yi wa mace, miji kuwa tara, kuma ma'aunin da aka kafa masa mai tsanani ne, domin da mutuwar Almasihu saboda ekklesiya aka auna ƙaunarsa. Ayar da ta buɗe sashen ma dukkan masu bi ta nema su sauko wa juna. A nan malamai suka rabu. Fafaroma John Paul na Biyu, a wasiƙarsa ta 1988 kan martabar mata, ya fahimci wurin a matsayin biyayyar juna tsakanin miji da mata. Yawancin fastocin ekklesiyoyin bishara suna riƙe da cewa miji ne kai, sai dai shugabancin nasa hidima ce, ba sarauta ba. Saɓanin na gaske ne, kuma bai ƙare ba. Amma cikinsu ba wanda ya tsinci mari ko bulala a ayoyin. Duk da haka matar da ta zo gidan fasto da kumburarren ido, abin da ta fi ji daga dattijai mata shi ne, "'Yata, ki yi haƙuri, haka muka zauna da iyayenku." Aure ba ya tsayuwa sai da haƙuri, wannan ba gardama. Laifin shi ne da aka mai da haƙurin kayan ɗakin amarya, ita kaɗai ke zuwa da shi. Ko Katolika da ba ta yarda da saki ba, dokarta ta halatta raba zama idan ɗaya ya zama haɗari ga ɗaya ko ga yara, kuma dokar tarayya ta 2015 mai hana cin zarafin mutane, wadda jihohi da dama suka ɗauka, ta sa dukan abokin zama cikin laifuffuka. Dattawan da ke sasanci a ɗakin bayan majami'a sun fi alƙali ganin irin waɗannan ƙararraki, su ya fi kamata su san haka.

Game da neman mace, matan yankin ba su jira izinin malamai ba. Gishirin Keana tun kaka da kakanni mata ke dafa shi, kasuwar doya da ta hatsi kuma ba ta ci sai da su. Macen kirki da aka siffanta a sura ta ƙarshe ta Littafin Karin Magana ita ma mai sayen gona ce, mai saƙa ta sayar, mai 'yan aiki. Zumuntar Mata ta majami'a ba anko da kiɗan tulu kaɗai ba ce: adashi ce, asusun jinya ce, ita ke komawa gidan gwauruwa bayan 'yan makoki sun watse. Rigimar da ke zuwa gaban dattawa a kan wa ke da abin da mace ta nemo ne. Akwai mazan da suka ɗauki zamansu kai lasisin karɓe albashin matar da ta kwana tsaye a asibiti tana aikin nas. Akwai dangin da ke zuwa kwasar gona da babur tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, alhali saboda rabon abincin gwauraye ne ekklesiyar Urushalima ta naɗa mutum bakwai, kamar yadda sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni ta nuna.

Tsakanin iyaye da 'ya'ya koyarwar tana ja ta gefe biyu, shi ya sa kowa ke samun ayar da ta yi masa daɗi. Littafin Farawa ya nuna da aure mutum ya fita daga inuwar iyaye ya kafa nasa gida. Amarya na son wannan, uwar miji ba ta so. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti kuwa ta ɗauki mai watsi da danginsa a matsayin mai watsi da bangaskiya, ita ce ayar mutanen ƙauye ga ɗansu mai albashi a birni, wanda wayarsa ba ta hutawa in wata ya kusa ƙarewa. Mafi kaifi yana Markus sura ta 7, inda Yesu ya tsawata wa malaman da suka buɗe wa mutum hanyar keɓe dukiyarsa ga Haikali don ya kauce wa ciyar da iyayensa. Ban cika jin an zaɓi wannan wuri ranar gudummawar gini ba. Wanda ya yi alkawarin buhunan siminti a gaban jama'a, tsohuwarsa na ƙauye ba maganin hawan jini, da shi ake.

Jan kunnen da aka yi wa uba, a da a kan bulala ake fahimtarsa. Yanzu ya sami wasu fuskoki: uban da aiki ya kai Abuja, yana kwana Mararaba ko Masaka, sai ƙarshen wata yara ke ganinsa, ko wanda ya riƙe ɗa mai gemu a gandu, ba gayauna, ba ranar tsayuwa da ƙafarsa. Wani abin da ƙasar Nasarawa ta yi fice da shi kuma, gida ɗaya kan haɗa addini biyu. Cikin Eggon da Alago da Mada da Gwandara za ka sami wa yana masallaci ƙane yana majami'a, a ci tuwon Sallah tare, a ci shinkafar Kirsimeti tare. Umarnin girmama iyaye bai zo da sharaɗin sai addininku ɗaya ba.

Shi aiki kansa, Kiristanci bai ɗauke shi la'ana ba. A Farawa an ba mutum gona tun bai yi laifi ba, wahala da ƙaya ne suka biyo baya. Yesu masassaƙi ne, Bulus da ɗinkin tanti ya ci abinci a Koranti. Martin Luther a ƙarni na 16 ya koyar da cewa manomi da mai raino suna bauta wa Allah da aikinsu daidai da mai hidima a majami'a. Ekklesiyoyin SUM sun ci wannan gado, shirin da Peter Batchelor ya fara a Filato a ƙarshen shekarun 1950, mai haɗa bangaskiya da noma, daga nan ya tsiro. Abin da aka nema ga ma'aikaci shi ne ya bar aikin ganin ido, kuma in an kai wannan ma'auni ofis ba a bukatar dogon bayani. Ga mai sa hannu a rajista ƙarfe takwas ya ɓace ƙarfe goma, ga malamin makarantar ƙauye da ya ba wani 'yan kuɗi ya riƙe masa aji, ga wanda fayil ba ya motsi a teburinsa sai an gaishe shi. Da yawansu suna sahun gaba ranar Lahadi, yadda takwarorinsu ke sahun gaba ranar Juma'a.

Akwai ayar wasiƙa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa da ake yawan jifan matasa da ita, wadda ta hana a ciyar da mai ƙyuyar aiki. Waɗanda Bulus ke nufi mutane ne da suka ajiye sana'a da gangan suna bin gidaje suna cin gumin wasu. Saurayin da ya gama jami'a a Lafiya ko Keffi, ya yi hidimar ƙasa, yana jan Keke Napep ɗin wani yana kai balas kullum, ba ya cikinsu. A ɗaya gefen ga wa'azin wadata da ya bazu tun zamanin Benson Idahosa a shekarun 1970 da 1980. A ba su haƙƙinsu, majami'u da yawa na wannan layi suna koya wa matasa sana'a da tanadi. Amma inda aka mai da arziki shaidar bangaskiya, talaka mai gumi ya shiga uku: ga rashi, ga zargi.

Saura ɓangaren da ya fi nauyi a baki, na bawa da ubangidansa. Bulus bai ce a 'yanta bayi ba, masu bayi a Amurka kuma sun yi ta kafa hujja da ayoyin nan har yaƙin basasarsu na 1861. Masu yaƙi da bauta su ma daga littafin suka ɗebo, musamman wasiƙarsa ga Filiman, inda ya roƙe shi ya karɓi gudajjen bawansa Unisimas a matsayin ɗan'uwa. A yankin nan zancen ba tatsuniya ba ne. Harin neman bayi na cikin abin da ya riƙe Mada da Eggon a kan duwatsu a ƙarni na 19. Sanarwar Gwamna Lugga ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa daga Afrilun shekarar, amma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. A 1909 SUM ta buɗe gidan renon 'yantattun yara a Rumasha, wato Umaisha ta bakin Binuwai, cikin Jihar Nasarawa ta yau. Yanzu dai ana karanta ayoyin ne a kan mai aiki da mai ba da aiki, sai dai wani tsautsayin tarihi ya yi wa na biyun gata. Bulus bai rubuta wasiƙunsa da surori ba. Stephen Langton, wanda ya zama babban bishof na Kantabari, shi ake danganta wa rabon surori a farkon ƙarni na 13. Rabon ya faɗa daidai tsakanin mutum biyun: ayoyi huɗu na bawa suka rufe sura ta 3 ta Kolosiyawa, aya ɗaya ta ubangida ta tsallaka ta buɗe sura ta 4. Mai karatun da ya kai ƙarshen sura ya rufe littafi, ya sallami maigida bai ji nasa ba.

Su wane ne iyayengiji a Lafiya yau? Ba gwamnati da manyan gonaki kaɗai ba ne. Har da malamar makaranta da ta ɗauko yarinya daga dangi, ko daga ƙauyen da rikicin manoma da makiyaya ya tarwatsa, irin wanda ya raba dubban mutane da gidajensu a Keana da Obi da Awe da Doma a 2018. An ce wa iyayenta za a sa ta makaranta. Ita ke fara tashi, ita ke kwanciya ƙarshe. Mama take kiran uwar ɗakinta, saboda haka ba zancen albashi, tunda ba a biyan 'yar gida; ba a nan aka haife ta ba, saboda haka ba zancen makaranta irin ta 'ya'yan gida. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Dokar ranar hutu a Maimaitawar Shari'a ta sa bawa da baiwa har da jaki cikin masu hutawa, amma Lahadi sau da yawa ita ce ranar da 'yar aiki ta fi jigata, ga baƙi ga girki.

Littafin nan dai shi ya umarci a biya ɗan ƙwadago a ranar da ya yi aiki, wasiƙar Yakubu kuma ta yi wa masu danne ladan girbi kakkausan gargaɗi. Fafaroma Leo na 13 ya ɗora a kai a 1891, ya nuna yardar ma'aikaci ba ta halatta ladan da ba zai riƙe shi ba, in yunwa ce ta sa ya yarda. John Paul na Biyu a 1981 ya auna adalcin albashi da ko zai iya riƙe iyali. A nan zancen aiki ya sake komawa gida, domin faɗan miji da mata da yawa daga tukunyar da ba a ɗora ba yake tashi. Ma'aikatan ƙananan hukumomin da suka sha karɓar wani kaso na albashi maimakon cikakke, da 'yan fansho masu jiran garatuti, sun san wannan. Mai wa'azin da ke tsawata wa ma'aikaci kan makara ya tuna in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ekklesiya ita ma tana ɗaukar aiki. Tana da makarantu da asibitoci, da direbobi da masu gadi, da masu bishara a ƙauyuka waɗanda ladansu ya rataya ga baikon manoma, in damina ta yi kyau su samu, in ba ta yi ba su dogara ga gonarsu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, dokar kuma ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Ƙananan makarantu masu zaman kansu da yawa, har da na majami'u, ta wannan ƙofa suke fita. Malamar da ke koyar da ilimin addinin Kirista a irin wannan makaranta, in ta nemi ƙari, takan ji cewa aikin Ubangiji take yi, ladanta na sama. Kwamitin da ke ba ta wannan amsa shi ne ke karɓar kuɗin makaranta daga iyayen yara kowane zango, kuma nasa bai taɓa yarda a biya shi a sama ba.